Ƙuda Ma Da Kakanni

A Samaru, ɗaki na ƙarshe a hannun hagu,
inda warin kafur ke riga kowa amsa sallama,
Malam Tanimu ya jawo durowa ta goma sha bakwai,
ya ce, "Ga mutanen naki, Ladidi. Gaishe su."

Na duƙa. Ga su sahu-sahu, shiru,
kowa da allura a ƙirji,
kowa da 'yar takarda ƙarƙashin ƙafa:
wannan a Bomo aka kama shi, kan kashin shanu,
waccan a Shika, tun ba a haifi uwata ba.

Ni da na tashi, ƙuda ƙuda ne,
abin kora da mafici, dalilin rufe kwano.
"Ƙirga fiffike," in ji shi. Na ƙirga, biyu.
"Leƙa bayansu." Na kafa ido a madubi,
sai ga 'yan gulaye biyu, kamar makaɗin kalangu.
"Da can fikafikai ne, suka ƙanƙance.
Da su yake saita kansa a iska.
Duk wanda ya gaji waɗannan, ɗan gidan ne."

Ashe sauro ɗan gida ne,
tsohon reshe ma, ya riga ƙudan kasuwa ganin duniya.
Ashe bobuwa mai sa doki harbi, dangi ce.
Ashe tsando, da ba ta zubar da ƙwai,
ɗa ɗaya take reno a ciki, ta shayar, ta sauke,
'yar uwar mai lasar miyarmu ce ta kusa.
Ga wani ya ari rigar rina, rawaya da baƙi,
ba shi da kibiya, tsoron rigar yake ci.

Ƙudan zuma kuwa, da muka raɗa wa sunan gidan,
muka fifita shi don abin da yake tarawa,
fikafikansa huɗu.
Can wajen su zanzaro da tururuwa danginsa suke.
Suna ya ara, ba jini ba.

Ran Laraba takarda ta zo.
An binciki ƙwayar halittar wani ɗan kore
da Malam ya rubuta wa suna da hannunsa
shekara talatin da takwas da suka wuce.
Ba nan gidansa yake ba.
Ya karanta sau biyu, ya goge tabarau,
ya zare allurar a hankali kamar mai cire ƙaya,
ya kai shi durowa ta ashirin da ɗaya.
"Ka yi haƙuri," ya ce masa, "kama ta ruɗe ni."

Da Juma'a na shiga birni, Ƙofar Kuyambana.
Iya Tabawa na tsinkar zogale a tsakar gida,
ita da ke jero kakanninmu tara ba ta numfasa ba.
Na kwashe labari na ba ta.
Ta yi dariya har ganye ya zube.
"Sai yau boko ya kai nan?
Kakanki Mantau sunan gidan nan ya ɗauka,
amma da fatake ya zo, yana ɗan shekara bakwai.
Je ki dubi kunnenki, ki dubi na Jatau,
ki gaya mini wa ya gaji wa."

Na taɓa kunnena.

Sai ga ɗaya ya sauka bakin ƙwaryar furarta,
yana murza hannu kamar mai shirin gaisuwa.
Na ce, "Iya, wannan ma da asalinsa."
Ta ɗaga faifai, ta ɗan dakata, ta dube shi.
"Na ji," ta ce. "Zumunta a ƙafa take.
Amma ni na san inda wannan ƙafar ta taka."